Wayar da Ta Shiga Tsakaninmu da Ruwa

Marke, ta Bunkure
Satumba, 2005

Zuwa ga Yaya Hambali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a can Darfur inda aka kai ku tsaron zaman lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana Isiyaku yana gaishe ka, da yara.

Ni ce Kubra, jikar Malam Maharazu, idan sojanci bai mantar da kai dangi ba. Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, saboda haka ko Janar ka zama bawana ne kai, wasan taubasai bai faɗi ba. Iya, mahaifiyata, tana gaishe ka da kyau. Idanun nata sun tafi gaba ɗaya, amma bakin yana nan. Na ba ta hoton da ka aiko da kaki, ta shafa shi ta ce wai ka rame, tun da ka bar hannunta kana yaro ba ka ƙara cin tuwon kirki ba.

Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun tsakiyar damina 'yan safiyo suka shigo mana, suna kafa turaku masu jan fenti a kan tudu, daga rugar su Tambaya har hanyar maƙabarta. Dagaci ya tara mutane ya ce gwamnati za ta yi babban filin horar da sojoji, namu da na ƙasashen da muke ƙawance da su, har da Turawa. Waɗanda turaku suka zagaye za a ba su diyya da fili a wajen Garun Mallam. Mu da muke gefe, bakin ƙaramin kanal mai kawo ruwan noman rani, an ce duk wanda ya ga dama ya miƙa gonarsa yanzu a ba shi wata a can, kafin a rufe rabo.

Isiyaku yana so ya miƙa. Ya ce maƙwabtaka da soja ba ta manomi ba ce. Ni kuwa na ce a'a, gonar nan ubana ya bar mana, ruwa yana zuwa mata rani da damina, kuma Iya ta ce ba ta tashi sai dai a ɗauke ta a makara. Na ce masa ai muna da soja a gida, bari a tambaya. Don Allah ka bincika mana: gonarmu tana ciki ko tana waje?

Ka aiko amsa ta shagon Ɗanladi mai magani a Kura, nan ba mu da sabis.

Uwargijiyarka,
Kubra

*

Darfur
Oktoba, 2005

Zuwa ga ƙanwata Kubra,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta sau uku, abokan aikina suna tambayata abin da yake ba ni dariya. Ina lafiya, sai zafi da ƙishirwa. Ki gaya wa Iya gaskiyarta, na rame. Ki riƙe mata hannu ki ce ɗanta yana neman gafara.

Batun bauta kuma, bawan da yake da bindiga a yi masa magana a hankali.

Kan maganar fili, ni ƙaramin Saje ne, ba a shawara da mu. Amma Allah ya sa akwai wani hafsa a nan, injiniya ne, yana cikin waɗanda suka fara duba wurin kafin a turo shi. Na same shi yana shan shayi na tambaye shi. Ya zana mini a ƙasa da tsinke, ya ce iyakar filin ta yamma ita ce ƙaramin kanal. Idan ban manta ba gonarku tana yamma da kanal ɗin. Ke nan, a yadda na ji, tana waje.

Mota za ta tashi da wasiƙu, dole in tsaya nan. Ki gaida Isiyaku da yara. Ku zauna lafiya.

Yayanki,
Hambali

*

Marke
Disamba, 2005

Yaya Hambali,

Sallama da gaisuwa. Allah ya saka maka da alheri, ya dawo mana da kai lafiya. Kowa ƙalau, sai Nana Aisha autata da ta yi ƙyanda, ta warke.

Ranar da Ɗanladi ya aiko da takardarka na karanta wa Isiyaku a tsakar gida, Iya tana ji. Da na zo inda ka ce gonarmu tana waje, kuma mu zauna, sai Iya ta ɗaga hannu ta ce, "Ai na faɗa muku. Yaron nan ba ya ƙarya." Isiyaku ya ce, "To, tunda na ciki ya ce a zauna, an zauna."

Magana ba ta ɓuya a Marke. Kafin la'asar maƙwabta sun cika mana zaure. Dattijo, mai gonar da ke jikin tamu, ya sa na sake karantawa a gabansa. Gida bakwai suka fasa tashi saboda maganarka. An rufe rabon filin Garun Mallam a makon da ya wuce, waɗanda za su tafi sun tafi. Su Tambaya sun kora shanunsu kudu, matarsa ta zo mini sallama tana kuka, ta bar mini ƙwaryar da take kawo mana nono a ciki.

Mun shuka alkama, gonar duka. Ta fito kore shar, ka ce an shimfiɗa darduma. Katafiloli suna ta aiki a kan tudu, muna jin rurinsu, amma ba ruwanmu da su. Bana idan ka dawo alkaki zan yi maka da hannuna, ka ga yadda ake kula da bawa.

Kubra

*

Marke
Maris, 2006

Yaya Hambali,

Ina gaisuwa. Wata uku ke nan da na rubuto maka, ba mu ji daga gare ka ba. Ko lafiya? Mu dai da sauƙi, ba zan ce lafiya ba.

Sun ja waya mai ƙaya. Gaskiyarka, ba ta taɓa gonarmu ba, ta bi ta bakinta ta wuce. Amma Yaya, kanal ɗin yana ciki. Da shi da ƙofar da ake buɗe mana ruwa, duk suna bayan waya. Kamfanin da aka ba kwangila ya cike shi da jar ƙasa, wai hanyar tankokin yaƙi za ta bi ta kai. Muna tsaye muna kallo ta cikin waya ruwan ya ja baya kamar an kira shi.

Alkama tana cikin fitar da kai aka yi haka. Isiyaku da Dattijo sun je wajen masu kula da ruwa, aka ce wannan ba huruminsu ba ne yanzu. Sun je ƙofar filin, aka ce su je Kano. Sun je Kano, aka ce gonakinsu ba sa cikin filin, saboda haka ba abin da ya shafe su. Isiyaku ya sayar da bijiminsa aka haƙa rijiya a gonar, ruwan da ta bayar ko akuya ba zai isa ba. Ni da yara muka riƙa ɗauko ruwa a ka daga babban kanal, tun safe har rana ta faɗi, muna zuba wa kwami ɗaya muna kallon sauran suna ƙonewa. Daga baya Isiyaku ya karɓe bokitin daga hannuna ya ce, "Ya isa, Kubra. Kada ki kashe mini 'ya'ya a kan ciyawa."

Yanzu idan na fita mata suna juya mini baya. Matar Dattijo ta tare ni a injin niƙa ta ce, "Ina sojan naku? Ya ce a zauna, ga shi mun zauna."

Isiyaku bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ma ya faɗa, da na ji sauƙi.

Me ya sa ka ce mu zauna, Yaya, idan ka san za a ɗauke ruwan?

Kubra

*

Darfur
Afrilu, 2006

Ƙanwata Kubra,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardunki biyu tare suka same ni, ta Disamba da ta Maris. An kai mu wani ƙauye can cikin daji, ba mota ba wasiƙa, sai yanzu muka dawo sansani. Lafiyata ƙalau, amma tun da na karanta na kasa cin abinci.

Kubra, wallahi ban ce ku zauna ba. "Ku zauna lafiya" na rubuta, sallama ce, irin wadda kowa yake yi a ƙarshen takarda. Na ce gonar tana waje a yadda na ji. Ban san za a ɗora gida bakwai a kan zanen da aka yi mini da tsinke a ƙasa ba. Da na sani da na cika takarda da gargaɗi, ko motar ta tafi ta bar ni.

Na koma neman hafsan nan, an ce an mayar da shi gida. Na je wajen mai gidana a aiki na yi masa bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, mutumin kirki ne, ya ce, "Saje, filin nan ƙasa tana buƙatarsa. Ka ga yaran da muka rasa a nan don ba su sami horo mai kyau ba." Gaskiya ya faɗa, ni na ɗauki gawar biyu daga cikinsu. Na sara masa na fito.

Abin mamaki, aikina a nan shi ne gadin mutanen da aka raba da gonakinsu. Kullum ina ganinsu a layin ruwa da jarkoki. Yau na kasa kallonsu.

Ki ba Isiyaku haƙuri, ki ba Dattijo. Ki gaya wa Iya ban yi ƙarya ba.

Yayanki,
Hambali

*

Marke
Agusta, 2006

Yaya,

Gaisuwa. Na ji bayaninka. Na ɗauko tsohuwar takardar na sake dubawa, haka ne, sallama ka yi. Ni na karanta abin da raina yake so. Ba ni da bakin zarginka, ba ni da na wanke kaina.

Iya ta rasu ranar Talatar da ta wuce.

Tun farkon damina aka fara atisaye. Motoci suka yi ta shigowa da sojoji, baƙaƙe da farare, wasu ko Turancin ma ba irin namu suke yi ba. Idan suka fara harba igwa ƙasa girgiza take yi, kwanuka suna faɗowa daga kan jere, bangon ɗakin Iya ya tsage. Mu masu ido muna ganin hayaƙin, mun san daga nesa ne. Ita ba ta gani. Duk ƙara ɗaya sai ta zabura ta lalubi hannuna ta ce, "Sun iso?" Ta daina cin abinci, ta daina tsokanar jikoki. Ba wata cuta da za a nuna, ta dai yi ta ƙanƙancewa har ta tafi. Na isar mata da saƙonka. Ta ce ta sani.

Ta bar wasiyya a kai ta kusa da mahaifina. Maƙabarta kuwa tana cikin waya. Maza suka ɗauki makara suka tafi ƙofar filin, Isiyaku a gaba. Ya ce sun tarar da soja biyu, ɗaya namu ɗaya baƙo. Namun ya ce ana harbi a ɓangaren, ba mai shiga sai bayan sati biyu. Liman ya ce gawa ba ta jiran sati biyu. Baƙon sojan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, yana ta magana da yarensu, ba wanda ya gane. Suka tsaya a rana har aka kira azahar, sannan suka juyo da ita.

A gefen gonarmu aka binne ta, ƙarƙashin giginya. Dattijo da kansa ya shiga ramin ya karɓe ta, duk da abin da ya faru tsakaninmu. Allah ya biya shi.

Mun yi shukar damina, dawa da ɗan gero, amma manomin da ya saba girbi biyu ba ya rayuwa da ɗaya. Gida huɗu sun riga sun watse. Isiyaku yana da ɗan'uwa a Taraba da yake aikin shinkafa a gonar wani, ya ce mu zo. Da an cire amfani za mu tafi. Wanda yake da gonarsa zai koma ɗan ƙwadago.

Kubra

*

Darfur
Agusta, 2006

Ƙanwata Kubra,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya, da Iya da kowa. Shirun naki ya yi yawa, na san fushi ne, kuma kina da gaskiya.

Albishirinki! An gama zamanmu a nan, ƙarshen shekara za mu dawo. Kuma na nemi alfarma, an yi mini: sabon filin horon nan na wajenku za a kai ni, cikin masu koyarwa. Na ce idan ina ciki zan san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, ko bututu ne a ja muku daga babban kanal. Kuma zan riƙa zuwa duk Juma'a in ci tuwon Iya, ta shafa ni ta ji ko na yi ƙiba.

Na saya mata mayafi irin na matan Sudan, mai laushi, tunda da hannu take gani. Kada ki gaya mata, ina so in sa mata shi da kaina.

Ku yi haƙuri kaɗan, ina tafe.

Yayanki,
Hambali

*

Filin horo
Fabrairu, 2007

Kubra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa Taraba lafiya, kuma kun sami wurin zama. Ɗanladi ya ba ni kwatancen wanda zan aika wa takarda ya kai miki.

Takardarki ta rasuwar Iya a hanya muka yi saɓani da ita, sai da muka sauka a Kaduna ta biyo ni. Na san ke ma tawa ta same ki, mai maganar mayafi. Ki yafe mini ita. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta. Ita ta riƙe ni lokacin da uwata ta rasu ba wanda ya ce zai ɗauke ni, ban zuba mata ko ƙasa ba.

Na iso nan watan jiya. Wurin ya fi yadda kike zato girma. An yi ɗakunan kwana, an yi filin saukar jirgi mai saukar ungulu, sojojin ƙasa biyar ne a ciki. Na nemi maƙabarta da ƙafata. Ban gane wurin ba, Kubra. An baje tudun, an kafa allunan da ake auna harbi.

Juma'ar farko na fita na je Marke. Gidanku ba rufi, awaki ne a ɗakin Iya. Dattijo kaɗai na samu, yana zaune a ƙofar gidansa. Na yi masa sallama, ya dubi kakin da ke jikina ya ce, "Kai ne Hambalin?" Na ce ni ne. Ya ce, "Sannu da zuwa. Ka makara." Sannan ya tashi ya raka ni gindin giginya. Na yi mata addu'a, na kewaye kabarin da duwatsu. Mayafin na ba matar Dattijo, da farko ta ƙi karɓa.

Maganar bututu na kai ta sama har sau biyu. Amsar da aka ba ni ita ce abin da ya sa nake rubuto miki. Za a faɗaɗa filin zuwa yamma, domin manyan bindigogin da baƙin suka kawo suna cin nisa. An turo masu dubawa, suka ga gonaki a bushe da gidaje ba mutane, suka rubuta cewa saura ce, ba mai nomanta. Na ce da masu ita, ruwa aka ɗauke musu. Aka ce in kawo su. Ban da Dattijo, ina zan samo sauran gidajen da suka bazu jiha uku?

Ni aka ba yaran da za su ja sabuwar wayar. Na roƙi mai gidana a karkata ta kaɗan a bar giginyar a waje. Ya ce waya miƙe take tafiya. Amma ya ce idan iyalan mamaciyar sun yarda, zai ba ni mota da mutane a tono ta a mayar da ita Bunkure kafin a rufe. Liman na can ya ce ya halatta idan da lalura, amma ba ni ke da iko ba, ke ce 'yarta.

Na nemi izinin zuwa Taraba, an hana, ana tsakiyar horo. Ba ki da waya. Ranar Litinin ta sama za a fara aikin. Ki gaya mini abin da zan yi.

Hambali

*

Taraba
Yuni, 2007

Yaya Hambali,

Wa alaikumus salam. Muna raye. Isiyaku yana fama da ciwon baya, dashen shinkafa a gonar wani ba irin na gonarka ba ne, ba ka miƙewa sai an ce ka miƙe. Ni ina surfe a gidajen mutane. Yara lafiya.

Takardarka ta yi wata uku a aljihun direba kafin ta same ni. Litinin ɗin da kake jira ta daɗe da wucewa, na san an ja wayar. Ban san abin da ka yi ba, kuma kada ka gaya mini. Idan ka bar ta, ka yi daidai, ita ta ce ba ta tashi. Idan ka ɗauke ta, Allah ya ba ka lada. Ƙasa duk ta Allah ce. Na gaji da sanin abubuwa bayan sun wuce.

Ba na fushi da kai. Isiyaku ma ya ce in gaishe ka, ya ce aikinka kake yi, kowa da inda aka ɗaure shi. Ka gaida Dattijo idan har yanzu yana nan. Ka ce masa ina neman gafararsa, da shi da sauran.

Mun sa Nana Aisha a makaranta a nan. Jiya ta dawo ta ce malaminsu ya ce gobe kowa zai tashi ya faɗi sunan garinsu da abin da ake nomawa a can. Ta ce, "Umma, me zan ce?" Na buɗe baki, Isiyaku yana zaune a bakin ƙofa yana gyara lauje, ya ɗago ya dube ni. Yarinya tana jira.

Na ce mata ta ce Kano. Idan ya tambayi abin da ake nomawa, ta ce ba ta sani ba.

Ƙanwarka,
Kubra